Duwatsun Rezo na Inna Tabawa

"To, sau nawa ke nan ta yanke?" in ji Inna Tabawa.

"Huɗu, Inna. Sai ta kai rabi ta tsaya cak, ta ce babu rezo, sabis ya ɗauke. In na sake shiga, sai ta koma daga farko."

"Kai kuma ka tahi ka maƙale bayan katanga, wurin da ko ƙadangare ba ya samun rezo. Wa ya kore ka daga inuwa?"

Bashiru ya sunkuyar da kai yana shafa murfin ordinatar, wato kwamfutar da ke kan cinyarsa, kamar mai lallashin jinjiri. Ordinatar ma ba tasa ba ce. Daraktan lekol ne, shugaban makarantar ƙauyensu, ya ara masa, ya naɗe ta a zanen matarsa, Bashiru ya ɗaure a bayan moto, wato babur, ya gangaro Keita tun da sassafe. Wata ƙungiya ce ke neman mai yi wa dabbobi allura a ƙauyukan bayan tudu, aikin da Bashiru ya karanta shekara biyu, ya zauna shekara uku bai samu ba. Ba a karɓar dosiye, wato takardun neman aikin, hannu da hannu, sai ta intanet, kuma za a rufe yau da ƙarfe goma sha biyu na rana. In bai aika ba, ya riga ya yi wa kansa alkawari, bana zai bi abokansa cin rani, ya bar matarsa da goyo.

Inna Tabawa ta duba agogon wayarta. Sha ɗaya saura minti ashirin.

Ita ce mai wifi na bakin kasuwar Keita. Shekarunta sun kusa sittin, gajeruwa ce, mai faɗin kafaɗa, tafiyarta kuwa a miƙe take kamar har yanzu akwai kaya a kanta. Akwai dalilin hakan. Tana budurwa lokacin da furoje, wato shirin gyaran ƙasa, ya iso, ta shiga sahun matan da ke ɗaukar duwatsu a ka suna jerawa a jikin tudu, don ruwan sama ya rage gudu ya shiga ƙasa. Shekara tara ta yi a wannan aiki. A can ta koyi karanta lambobi da manyan baƙaƙe a ajin yamma, a can kuma ta koyi abin da ya fi yi mata amfani a duniya: ta tsaya ta kalli ruwa. Ina ya bi, ina ya taru, me ya tare shi. Kafin a ajiye dutse guda, sai an san wannan.

Wifi kuwa ɗanta Mahmud ne ya kawo shi. Ya dawo daga Abijan shekara uku da suka wuce da wani ƙaramin akwati mai fitilu, da antan, wato eriya, da pano biyu na hasken rana. Ya kafa antan a kan doguwar sanda bisa rumfarta ta ƙosai, ya koya mata kwana uku, ya koma. Mijinta Ɗanmaraya mai amalanken jaki ya yi ta dariya har da hawaye. Ya ce duk Adar babu wanda matarsa ke sayar da iska sai shi.

Watan farko ta sha wuya. Mai waya ba ya cika ƙorafi, amma masu ordinatar, malaman lekol da ƴan asibiti da sakatarorin ƙungiyoyi, kullum da kuka: ta kama ta saki, ta kama ta saki. In ta kira Mahmud, sai ya zuba mata faransanci har kunnenta ya yi zafi. Ran nan ta kashe wayar ta ce ya isa haka. Ta ari tsohuwar ordinatar wani malami, ta rungume ta, ta yi mako guda tana zagaya filin taku bayan taku, idonta a kan ƴan karan nan na rezo, suna cika suna raguwa. Duk inda suka cika, sai ta ɗauko dutse ta ajiye, ta shafa masa farar ƙasa. Duwatsu biyar ta samu. Na farko, wanda ya fi kowanne, yana gindin bishiyar bedi, fuska da fuska da antan.

"Rezo ma ruwa ne," haka take faɗa wa masu tambaya. "Zane ne kawai ba ya jiƙawa."

Sauran kuwa ta tsince su ne ɗaya bayan ɗaya, da kallo da saurare. Ta gano cewa in firigon mai ƙanƙara na maƙwabta ya tashi, akwatin kan ɗauke numfashi, don waya guda suke sha, sai ta sa aka raba musu. Ta gano kamiyo, babbar motar kaya, in ya tsaya tsakanin antan da bedi, ya zama katanga. Ta gano akwai ordinatar da agogonta ke barci, ta farka tana cewa shekara goma baya muke, shafuka su ƙi buɗe mata ƙofa sai an gyara kwanan wata. Ba ta karanta faransanci, amma ta san surar kalmomin kamar yadda makiyayi ya san shanunsa, wannan doguwa mai ƙaho, waccan gajera mai jela.

Don haka ba ta tsorata da maganar Bashiru ba. Ta goge hannunta a zane ta ce, "Tashi. Dutse na farko babu kowa a kai. Je ka zauna."

Bashiru ya leƙa ta gefen katanga, ya dawo da kansa da sauri kamar wanda ya ga kunama.

"Inna, nan ma ya yi."

"Bai yi ba."

"Don Allah, Inna."

Ta leƙa ita ma. A gindin bedi, kusa da dutsen farko, wani dattijo ne kishingiɗe a tabarma, da farar hula da tabarau ɗaure da zare, yana riƙe da waya. Malam Iliyasu ne, wanda ya yi musu shef na ekip, wato shugaban rukuninsu, a zamanin furoje, mai usur da muryar da ake ji daga tudu zuwa tudu. Har yau Shef take kiransa. Sai a lokacin ta tuna ƴarsa Shamsiyya a ƙauyen su Bashiru na bayan tudu take aure.

"Af! Surukinka ne?"

Bashiru ya ƙara sunkuyawa. Ko sunan ba zai kama ba, balle ya je ya miƙe ƙafa a inuwa guda da shi.

Inna Tabawa ta danne dariya. Wannan ciwo ba shi cikin abin da Mahmud ya koya mata, amma ta san shi tun kafin a haifi Mahmud.

"To, dutse na uku. Yana gefen rumfa, buhunan gawayi sun kare ka, ba ya ganinka. Ka yarda, ko shi ma kunya?"

Ya yarda. Ta ja kujerarta ta ƙosai ta zauna kusa da shi, suka fara bin abin daki daki yadda ta saba.

"Karan rezo nawa?"

"Huɗu, Inna. Sun cika."

"Madalla. Batiri fa?"

"Saura kaɗan."

"To shi ya sa. In ta ji yunwa, kunnenta take fara rufewa. Kawo wayar caji."

Ta jona masa a kuran, wutar lantarkin rumfa. Sannan ta sa ya buɗe jerin sunayen wifi da ordinatar ta sani. Sun kai goma sha biyu. Ga na tasha, ga na wani otel a Tawa, ga na wani taro da aka yi a Madawa tun bara waccan.

"Wannan ta darakta ce ko ta ɗan kasuwa? Ba garin da ba ta kwana ba. Ka ga na tasha ɗin nan? Yana isowa nan kaɗan kaɗan, in iska ta juyo. Tana jin ƙamshinsa sai ta saki nawa ta bi shi. Ce mata ta manta da shi."

"Inna, kar darakta ya yi faɗa."

"In ya yi, turo min shi. Na san uwarsa."

Bashiru ya yi murmushin farko tun safe. Ya goge na tasha, ya buɗe shafin shiga, ya ciro ƴar takardar tike daga aljihun gaba, ya buga lambobin.

"Tsaya," in ji ta. "Tiken ga, ka ba wani?"

Bashiru ya kalli ƙasa, ya yi wani ɗan gunaguni a maƙogwaro wanda ba a ce i ba, ba a ce a'a ba. Daidai nan wata mata ta zo sayen ƙosai da sauri, Inna Tabawa ta ɗauka a'a ya ce, ta tashi ta sallame ta.

Dosiyen yana da nauyi, hotunan diplom ne, shaidar karatu, da takardar haihuwa da sauransu, an haɗa su wuri guda. Yana son kamar minti goma sha biyar ba yankewa. Wani shuɗin layi ya fara tafiya a fuskar ordinatar, a hankali kamar tururuwa ta ɗauki ƙwayar gero. Ya wuce kwata. Ya doshi rabi. Bashiru yana ta motsa leɓe. Sai layin ya tsaya, shafin shiga ya dawo yana neman kode.

"Biyar," in ji Bashiru.

Sha ɗaya da minti takwas.

Inna Tabawa ta shiga rumfa ta duba akwatin. Fitilunsa kore ne, suna ƙyafta ido lafiya lau. Ta taɓa shi, bai yi zafi ba. Ta fito ta ɗaga kai ta dubi antan, ba tsuntsu a kai, ba kamiyo a gaba. Ta juya wajen dutse na biyu, inda Farida ƴar asibiti ke zaune da tata ordinatar tana aika rahotanni tun hantsi.

"Farida, ɗiyata, ya yanke miki?"

"Ko sau guda, Inna. Rapor na uku ke nan nake aikawa."

"Ku fa, masu waya?"

Samarin da ke kan benci suka ce lafiya ƙalau, wani har da ɗaga mata wayar ta ga ƙwallo na gudu.

To, ciwon na Bashiru ne shi kaɗai. Ta sa ya kashe ordinatar gaba ɗaya ya kunna. Ta sa ya duba kwanan wata, daidai yake. Ya sake buga kode, layin ya sake tashi, ya yi minti huɗu, ya sake faɗuwa.

"Inna, ko dai ba rabona ba ne?"

"Rabo na Allah ne. Rezo kuwa nawa ne, kuma ban gama da shi ba. Sake shiga. Amma wannan karon kar ka kira ni, kar ka kalle ni."

Ta ɗauki kujerarta ta kai ta bakin rumfa, inda take ganin filin duka, ta zauna ta naɗe hannu. Haka suke yi a kan tudu in jeren duwatsu ya ƙi riƙe ruwa: a daina taɓa komai, a jira ruwa ya nuna inda yake ɓullewa.

Ta kalli Farida. Ta kalli samari. Ta kalli mai ƙanƙara. Idonta ya sauka kan Malam Iliyasu. Dattijon ya ɗaga waya yana hararar ta, ya yi tsaki, ya gyara tabarau. Sannan ya juya tafin hannunsa na hagu yana dubawa, yana danna waya da yatsa guda, lamba bayan lamba. Yana gamawa, daga bayan buhunan gawayi aka ji Bashiru ya ce, "Wayyo Allah!"

Inna Tabawa ba ta motsa ba. Sau guda ba shaida ba ne. Malam Iliyasu ya kai waya bakinsa yana magana ƙasa ƙasa. Can Bashiru ya sake buga kode. Ba a jima ba dattijon ya janye wayar daga baki, ya girgiza ta, ya yi tsaki, ya sake juya tafin hannu.

Ta miƙe tsam.

"Shef! Tsaya nan, kar ka danna!"

Ta isa gindin bedi kafin yatsan ya sauka. Ta zauna a kan dutsen farko kamar mai zuwa hira.

"Tabawa mai dutse," in ji shi. "Gara da kika zo. Iskar ga da kike saidawa, ruɓaɓɓiya ce. Tun ɗazu nake magana guda, tana yanke ni kamar mai gardama."

"Da kai da gardama ai kun saba. Ina kwana, Shef? Ina gajiya? Ina iyali, su Cima?"

"Lahiya lau. Ki bar gaisuwa ki gyara abinki."

"Nuna min hannunka."

Ya buɗe tafin. Lambobi shida ne a rubuce da alƙalamin bik, zufa ta fara cin na ƙarshe.

"Ban sayar maka da tike ba yau. Wa ya ba ka wanga?"

Dattijon ya rage murya, ya nuna wajen rumfa da haɓa.

"Yaron nan. Yana da ladabi, ba laihi. Da sahe ya sayi takardarsa, ya juyo ya gan ni, ba hanyar kaucewa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya miƙo ta da hannu biyu, ya ce ga shi, Baba. To mi zan yi? In ƙi, in kunyata shi? Na kwahe lambar, na mayar mishi da abinsa, na sa albarka."

Inna Tabawa ta rufe baki da gefen mayafi. Ta gane komai. Yaro ya sayi abu a gaban suruki, ba zai wuce da shi ba tare da ya miƙa ba, ko goro ne ko tsire. Ya miƙa yana zaton za a ce a'a, Allah shi yi albarka. Da aka karɓa kuma, a ransa tike kamar tabarma ne, mutum biyu sa iya zama. Da ta tambaye shi, bakinsa ba zai iya ɗaukar maganar suruki ba.

"To kai, wa kake ta yi wa magana tun sahe? Budurwa ka yi?"

"Allah ya shirye ki. Saurara."

Ya danna wani saƙon murya da ya shigo tun ɗazu, ya kara mata a kunne. Muryar Shamsiyya ce, da iska na kaɗawa da kukan jinjiri a baya. "Baba, ina kan tudu, nan ne waya ke kamawa. Don Allah ka duba min shi, ka gaya min in takardar aikin ta tahi. Ba zan sauka ba sai na ji."

"Kin ji," in ji Malam Iliyasu. "Tun hantsi tana cikin rana da goyo. Shi ya sa na zo na zauna. Duk bayan ɗan lokaci nakan ce mata har yanzu shina can shina zufa. Amma da na fara sai abinki ya yanke, sai na sake buga lambar."

Sha ɗaya da rabi ta gota. Ba lokacin zagaye. Amma Inna Tabawa ta san in ta ɗaga murya, samarin benci za su ji, kafin la'asar duk kasuwar Keita ta san suruki ya hana mijin ƴarsa aiki, kuma mutanen nan biyu ba za su ƙara iya haɗa hanya ba. Ta matso ta yi magana yadda shi kaɗai zai ji.

"Shef, ka tuna lokacin da buruweti guda, baron tura ƙasa, ya rage wa ekip ɗinmu? In wannan ta kama, sai waccan ta jira."

"Na tuna. Ke ce ba ki jira."

"To tiken ga haka yake. Tike guda, na'ura guda. Wanda ya shigo daga baya, shi ke korar na ciki. Ka buga, ka kore shi. Ya buga, ya kore ka. Tun sahe abin da kuke yi ke nan."

Malam Iliyasu ya cire tabarau. Ya dubi tafin hannunsa, ya dubi buhunan gawayi, ya sake duban hannun.

"Ni ne?"

"Kai ne."

"Innalillahi. Ni da na zo gadi, ni ne ɓarawon?" Ya yunƙura zai tashi. "Bari in je in ba shi haƙuri."

Ta riƙe bakin rigarsa.

"Ka je ka ba mijin ɗiyarka haƙuri a gaban mutane? So kake ya nutse cikin ƙasa da ordinatar mutane? Zauna. A'a, kar ma ka zauna. Ba ni wayar. Ka naɗe tabarmarka ka ƙetare titi, ka je wajen mai shayi. Dutsen ga nake so."

Shekara tara yana ba ta umarni da usur. Yau ko musu bai yi ba. Ya miƙa wayar, ya tofa yawu a tafin hannu ya murje lambar a jikin riga, ya naɗe tabarma ya saɓa, ya ƙetare titi yana tafiyar mutumin da dama can shayi ya fito sha.

"Bashiru! Taso, inuwa ta zama taka. Yi sauri, batirin ya isa."

Bashiru ya leƙo, ya ga gindin bedi wayam. Ya zo da gudu ya zauna a dutsen farko, ya buga kode. Sha biyu saura minti ashirin da biyu. Shuɗin layi ya tashi.

Ya wuce kwata. Ya kai rabi, wurin da ya saba mutuwa, ya wuce. Farida ta rufe tata ordinatar ta ce rapor ɗinta na iya jira, a bar masa hanya. Samarin benci ma suka kashe ƙwallo ba wanda ya roƙe su, suka zo suka tsaya a bayansa suna kallon layin kamar ana bugun fenariti.

Sai ga ƙugin mota. Kamiyo ne shaƙe da buhunan albasa, ya kunno kai daga hanyar tasha, yana rage gudu, yana neman inuwar da ke tsakanin rumfa da bedi. Inna Tabawa ta yunƙura, amma an riga ta. Daga wajen mai shayi wata murya ta tashi, wadda Inna Tabawa ta yi shekara talatin ba ta ji irinta ba.

"Kai, direba! Tsaya nan! Nan na ce! Taku guda ka ƙara, ni da kai ne!"

Malam Iliyasu ne a tsakiyar titi, ya ɗaga naɗaɗɗiyar tabarma kamar sanda. Direban ya taka birki har buhunan suka girgiza, ya leƙo ta taga.

"Baba, lahiya? Hanya ta lalace ne?"

"Ana aiki! Kashe mota ka jira!"

Direban ya duba gaba, ya duba baya, bai ga ko shebur ba. Amma ya kashe.

Layin ya cika sha biyu saura minti takwas. Shafin ya yi fari na ɗan lokaci, sannan wani koren rubutu ya fito. Inna Tabawa ta san surarsa tun kafin Bashiru ya karanta.

"An karɓa," in ji shi. "Inna, an karɓa! Ga lambar dosiyena!"

"Rubuta ta a takarda. A takarda na ce, ba a tafin hannu ba."

Samari suka yi ta tafi, Farida ta yi guɗa ƴar ƙarama. Bashiru ya rubuta lambar sau biyu, ya share fuska da hular kansa. Da mutane suka watse ya matso kusa da ita.

"Inna, wai mi ya faru? Dutsen ne?"

"Dutsen ya taimaka." Ta dube shi ta gefen ido. "Amma ka riƙe wannan, ɗana. Gobe in ka sayi tsire, miƙa wa manya. In ka sayi goro, miƙa. Tike kuwa, sa shi a aljihu tun kafin ka juyo."

Bashiru ya dubi ƙetaren titi, inda surukinsa yake. Ya sunkuyar da kai don kunya, ya gane.

Ta shiga rumfa da wayar Malam Iliyasu, ta sa mata koden gida, wanda ko Ɗanmaraya ba ta ba, ta ƙetara ta miƙa masa.

"Ga ta. Gaya wa ɗiyarka ta sauka daga tudu, kar rana ta dafa min jika."

Dattijon ya juya baya ga titi, ya kai waya baki. "Ta tahi," ya ce. "Sauka ki sha ruwa. Rezo ne ya ɗan yi gardama, amma na tsaya a kai har aka gyara."

"Ka tsaya a kai kam," in ji Inna Tabawa.

"Ke, tahi ki soya ƙosanki."

A can gindin bedi Bashiru yana naɗe ordinatar a zanen matar darakta. Zai bi ta bayan kasuwa ya fita, ta sani, ko da hanyar ta fi nisa. Direban kamiyo kuwa ya danna oda sau biyu, ya leƙo yana tambaya ko an gama aikin. Inna Tabawa ta gyara ɗaurin kallabinta, ta nufi wajensa tana nuna masa da hannu inda zai ajiye motar, can bayan mai ƙanƙara, inda ba zai tare mata antan ba.